Muryar Gudiya a Bakin Iklima

A Jega, in ka tambayi matan da suka fara goyon jikoki ko wace ce Gudiya, sai su ce, “Gudiya mai ƙwarya?” su ɗan yi jim, irin na wanda ya ajiye abu ya manta inda ya sa shi. In kuwa ’yan mata ka tambaya, ba sa ko jinkiri: gwaggon Iklima ce, tsohuwar nan mai dasasshiyar murya da ke bi gida-gida da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Duka amsoshin biyu gaskiya ne. Ta biyun ce ta tsaya mata a rai.

A Kuberi aka haife ta, cikin ƙasar Maiyama, a gidan manoman gero waɗanda ba su gaji kiɗa ba ko ta uwa ko ta uba. Wasu na zaton daga guɗa aka ciro mata suna, ita kuwa ta ce sunan kakarta ne aka mayar. Tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba ake jin ta. In ’yan mata suka taru a bakin turmi, ita ke ba da waƙa su amsa, har dakan ya ƙare ba a san an gaji ba. Wata zabiya mai suna Adama, da ta zo biki ƙauyen, ta jiyo ta ta bayan danga, ta ce a kira mata mai bakin nan. Uban Gudiya ya ce ɗiyarsa ba za ta yi roƙo ba yana raye. Bai kuwa yi ƙarya ba, don sai bayan ƙasa ta rufe masa ido, ita kuma aure ya kawo ta Jega, sannan ta nemi gidan Adama da ƙafarta. Mijinta Isa, mai sayar wa ’yan albasa buhunan wofi, ba mutum ne mai dogon zance ba. Ya ce muddin cikin gida ne, tsakanin mata, kuma magariba ta same ta a ɗakinta, shi bai ga abin faɗa ba.

Kiɗan ƙwarya ba shi da wani tarkace. Babbar ƙwarya a kife a kan ruwa cikin baho, ƙanana a kife a kan tsumma, sai ’yan sanduna, sai mata masu amshi. Kowace unguwa tana da mai yi. Abin da ya raba Gudiya da sauran shi ne ido. Ba ta zama sai inda take fuskantar ƙofar shigowa, kuma duk matar da ta ɗaga labulen zaure ta sako ƙafa, kafin ta cire takalmi Gudiya ta cafke ta a tsakiyar baiti: sunanta, garinsu, ubanta, sana’arta, har da wata ’yar tsokana da za ta sa tsakar gida ta ɗauki dariya, sannan ta koma kan baitinta daidai inda ta bar shi, sanda ba ta saɓa ba. Har ta kai wasu mata na jinkirta zuwa da gangan, su laɓe a gidan maƙwabta sai wuni ya yi nisa, don a kira su su kaɗai. Daga Jega zuwa Aliero, daga Maiyama zuwa ƙauyukan bakin gulbi, bikin da Gudiya ba ta je ba sai uwar biki ta riƙa ba da haƙuri. Masu rikoda kan ajiye ta kusa da baho su ɗauka a kaset, wasu su yi mata kirki su aiko mata da nata.

Shekarar da Isa ya rasu tari ya kama ta cikin takaba. Ta fita takaba, tarin ya tafi, ya tafi da muryar. Ta sha zuma da citta, ta sha rubutu, an kai ta asibiti Birnin Kebbi aka leƙa maƙogwaron da fitila. Abin da ya dawo mata daga baya murya ce dai, ana jin magana, amma in ta ɗaga ta sai ka ce ana jan buhun masara a kan siminti.

A nan Iklima ta shigo. Ɗiyar ƙanenta ce, ita ta yaye ta ta riƙe, tun da Allah bai ba ta ’ya mace ba. Yarinyar ta tashi a gindin baho, babu waƙar Gudiya da ba ta haddace ba, ga rawa kamar ba ƙashi a jikinta, ga fara’a. Murya ce kawai ba a ba ta ba: siririya, mai daɗi in kana kusa, amma ba ta kai bakin zaure. Gudiya ta daɗe da sanin haka, kuma in za a faɗi gaskiya, sanin ne ya ƙara mata son yarinyar. Akwai irin son da mutum ke yi wa wanda ya tabbata ba zai taɓa wuce shi ba.

Bilyaminu ne ya ɓata lissafin. Shi ne mijin Iklima, yana da shago a kasuwar Jega inda ake cajin waya, ana kuma tura wa mutane waƙoƙi a memori. Ya ji labarin kaset-kaset ɗin da ke cikin akwatin surukarsa, ya zo ya durƙusa ya roƙa, ya ce tsoro yake kada zaren ya ruɓe, abin tarihi ya salwanta. Ya juye su a waya, ya goge ƙugin, ya zauna da abin ji a kunne yana bin kowanne tun daga farko har ƙarshe, yana yanke duk inda aka kira sunan wata, tun da sunayen na wancan bikin ne. Ranar da ya kunna mata a sifika, wata baƙa mai taya da ake ja kamar akwatin matafiya, Gudiya ta yi kuka don daɗi. Ita da bakinta ta ce a gwada a bikin da ke tafe.

Da farko su biyu suke zuwa. Sifika na ba da murya, Iklima na tsaye da makirfo a kashe tana motsa baki tana rawa, Gudiya na gefe tana kaɗa ƙwarya. Sai dai kaset ɗin da kiɗansa ya zo, kiɗan hannuwan Gudiya na da, masu sauri, kuma hannuwan yanzu ba sa cim musu. Wata rana a Maiyama uwar biki ta sunkuyo ta ce mata, cikin ladabi ƙwarai, ta huta hakanan, kiɗan yana karo da juna. Bayan wannan sai aka lura kabu-kabu ɗaya ya ishi Iklima da sifikarta, ba sai an ɗauki shatar mota don baho da ’yan amshi ba. Babu wanda ya kori Gudiya. Aike ne kawai ya daina zuwa ƙofarta, ya koma ƙofar Bilyaminu.

Tun daga nan tallar man gyaɗa ta zama wa’azi. Duk gidan da ta shiga, kafin ta auna kwalba sai ta kawo zancen. Takan ce waƙar da ba ta ganin mai shigowa ba waƙa ba ce, kilishin waƙa ce: an yanka tun bara, an shanya, ana ba ku kuna cewa nama. Matan kan biye mata don nishaɗi. Wata ta ce ai kilishi ya fi tsire tsada. Wata ta ce sifika ba ta gajiya, ba ta tari, ba a zuba mata shinkafa ita da ’yan amshinta. Wata kuma ta ce su dai sun ga Iklima na zufa, tana juyi, tana jawo uwar ango cikin fili, in wannan ba rai ba ne to su ba su san rai ba. Murjanatu mai kitso, wadda bakinta bai san tsoro ba, ta ce ai ko ladan da lasifika yake kiran salla, ba wanda ya ce kiran bai yi ba.

“Da bakinai shi ka yi,” in ji Gudiya, “ba da bakin ubanai ba.”

Aka yi dariya, aka sayi mai, aka kuma ci gaba da aika wa Iklima goron gayyata.

Ita Gudiya a ganinta sana’a take karewa. Amma ’yan dije, masu kiɗan na’ura, sun cika gari, suna ta kwarara waƙoƙin fim a bukukuwan ’yan boko, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓata yawunta a kansu ba. Sifika ɗaya ce tak a duniya ke ƙona mata rai. In ta jiyo ta daga nesa, ana biki a wata unguwa, takan tsaya cak da tiren mai a ka, ta saurari matar nan da ke ciki: matar da ba ta taɓa takaba ba, ba ta san tari ba, numfashinta na kai ƙarshen baiti har da saura. Ta san ita ce, amma ba ta jin ita ce. Ji take kamar an ɗaura wa muryarta aure da jikin wata, ita uwar amarya ko goro ba a kawo mata ba. Abin da ya fi ci mata rai, yaran da suka taso yanzu “waƙar Iklima” suke cewa. Tsofaffin da suka san gaskiya kuwa, wasu sun mutu, wasu kunne ya yi nauyi, sauran ba su ga abin tada jijiyar wuya ba.

Da Iklima butulu ce da abin ya zo da sauƙi. Amma babu bikin da za ta dawo ba ta biyo ta gidan gwaggonta ba, da kwanon abinci, da turmin atamfa in an samu, ta durƙusa ta ce ga kason Gwaggo. Gudiya kan sa albarka, ta jefa atamfar a ƙasan akwati, ba ta taɓa kai ko ɗaya wurin tela ba. Akwai ma ranar da yarinyar ta ce, in Gwaggo na so, za ta riƙa faɗin sunanta kafin ta kunna kowace waƙa. Gudiya ta ce a’a, ita ba ta kai matsayin da za a riƙa yi mata sadaka da sunanta ba. Ba sanarwa take so ba, ba kuma liƙi ba, ’ya’yanta maza na aiko mata da abin da ya sawwaƙa. So take wata rana, a cikin taro, a gaban Iklima, ba tare da an roƙa ba, wata ta buɗe baki ta ce muryar nan ta Gudiya ce, wannan aro take ci.

Bayan an kwashe albasa, manyan motoci sun fara jigila zuwa kudu, aljihun Aliero ya yi nauyi, sai bukukuwa suka taso. Mafi girma a cikinsu na gidan Hajiya Ummusalma ne, matar wani dillalin albasa, wadda za ta aurar da Shafa’atu. Ba ita ta haife ta ba. Ɗiyar ƙanwarta Ramatu ce, wadda ta yi aure a Jandutsi, ta rasu yarinyar tana rarrafe. Gudiya ce ta yi wunin bikin Ramatu, ita ta yi na sunan Shafa’atu, don haka ta sa a ranta wannan karon dole a tuna da ita. Har ƙwaryarta ta sauko da ita daga kan rumfa ta wanke.

Hajiya Ummusalma da kanta ta zo Jega da goro da alewa. Ta zauna a bakin gado, aka gaisa, aka yi wa matattu addu’a, aka taɓa zancen tsadar taki. Sannan ta ce Iklima ce za ta yi wuni, yaran sun nace, amma ita ba za ta ji daɗi ba in Gudiya ba ta zo ta sa albarka ba.

“Albarka,” in ji Gudiya. “To. Ita ai ba ta son murya.”

“Haba, Gudiya. Ai duk ɗaya na, ɗiyarki ta.”

Gudiya ta ce haka ne, ta raka ta har bakin mota.

Akwai kaset ɗaya da ba ta taɓa bai wa Bilyaminu ba. Na wani biki ne a Fagada, lokacin tana kan ganiyarta, ranar da ita kanta ta san ba ta taɓa yin kamarsa ba. Iklima ta sha roƙonta, ita tana cewa ya ɓace, alhali yana nan ƙasan kwalla, naɗe cikin tsohon ɗankwali. A wancan bikin mata sun hallara da wuri, ta kira sunayensu duka tun a waƙar farko. Mutum ɗaya ce ta makara. Ana can tsakiyar waƙar gulbi Ramatu ta ɗaga labule, Gudiya ta cafke ta, ta ɗinke sunan a jikin baitin yadda mai sauraro a gurguje ba zai san an fita an dawo ba. A ƙa’idar zabiyoyi kuwa, mai rai ake ce wa ta zo a ba ta wuri. Wadda ta riga mu gidan gaskiya ba a ambatonta sai an fara da Allah Ya jiƙanta. Zabiyar da ta kira matacciya kiran mai rai, a gaban ɗiyarta, ranar aurenta, ta gama waƙa a ƙasar nan.

Gudiya ba ta zauna ta ƙulla komai ba. Abin da ta gaya wa kanta shi ne yarinya ta daɗe tana roƙo, kuma babban biki ya cancanci babbar waƙa. Ta dai jira, ba ta kai kaset ɗin ba sai ana gobe wuni, da la’asar, lokacin da shagon Bilyaminu ke cika da masu karɓar waya. Iklima ta rungume ta, ta ce, “Gwaggo, ashe kina so na.” Gudiya ta ce a yi maza a juye, ta ƙara da cewa kada Bilyaminu ya wahalar da kansa, sunayen na can farko. Wannan ma kusan gaskiya ne.

Motar da Hajiya ta aiko ce ta ɗauke su zuwa Aliero. Sifika a gidan gaba, an ɗaure ta da bel kada ta ji ciwo, Gudiya a baya tsakanin ƙullin kaya da Murjanatu mai kitso.

Gidan ya cika tun azahar. An kafa rumfa a tsakar gida, warin albasar da ke jibge a bayan katanga na gauraya da turaren wuta. Aka zaunar da Gudiya a tabarmar manya, dab da ƙofar zaure, aka ajiye mata shinkafa da naman kaza, aka nuna ta ga dangin ango aka ce gwaggon mai waƙa ce. Ta ce sannunku. Amarya na zaune a kan katifa a bakin ɗaki, a lulluɓe, ƙawayenta kewaye da ita.

Iklima ta fito cikin leshi ruwan goro, makirfo a dama, waya a hagu. Ta latsa. Muryar Fagada ta tashi ta cika gidan har tantabaru suka watse daga kan katanga. Tsikar jikin Gudiya ta tashi. Ta manta haka muryar take. Mata suka miƙe, ana guɗa, ana manna wa Iklima kuɗi a goshi suna zubowa, wata ta taɓo Gudiya ta ce yau ɗiyarki da sabuwa ta zo. Leɓen Iklima na bin kowace kalma, har inda Gudiya ta ja numfashi ita ma sai ta ɗaga ƙirji. Yatsun Gudiya na kiɗa a kan gwiwarta ba da saninta ba. Waƙar gulbi ta kama. Ta daina ganin kowa, sai bakin yarinyar.

Gulbi ya cika, mai jirgi sai haƙuri,
Amarya bi sannu, gidan miji ba kasuwa ba na,
Ramatu ta Jandutsi ta zaka, ku ba ta wuri,
Ɗiyar Uba, mai tahiya kamar ƙasa na jin ciwo.

Tsakar gidan kaf ta waiwaya ƙofa. Ba tunani ba ne, jiki ne ya saba: in aka yi wannan kira, akwai mai shigowa. Labulen zaure na nan yadda yake, iska na ɗan kaɗa shi. Da suka juyo sai ga bakin Iklima a buɗe, ya tsaya a kan kalmar da ya zata za ta zo, murya na ci gaba ba ita. Kowa ya gani.

Sai kuma wani abu ya biyo baya wanda Gudiya ba ta sa a lissafi ba. Cikin sifikar, kusa da inda rikoda take a wancan rana, wata mace ta ƙyalƙyale da dariya, dariya mai ɗan shaƙewa a ƙarshe, ta wadda aka kama ta makara. Sau nawa Gudiya ta saurari kaset ɗin nan a ɗakinta, ba ta taɓa jin dariyar ba. Kanta kawai take saurare. Hajiya Ummusalma ta dafa ginshiƙin rumfa, ta zame ta zauna a ƙasa.

Iklima ta latsa waya. Kiɗan ya ɗauke. Gudiya ta kasa kunne. Ga shi nan, yanzu wata za ta ce wannan ai ba ita ke yi ba, wata ta ce to wa ke yi.

Yarinyar ta dubi amarya, wadda kafaɗunta ke rawa a ƙarƙashin lulluɓi. Ta ajiye makirfo a kan sifika. Ta zare mayafinta, ta taka a hankali, ta shimfiɗa shi a gefen daman Shafa’atu, ta gyara bakinsa da tafin hannu.

“An ce ku ba ta wuri,” ta ce.

Ƙawayen amarya suka matsa. Sannan Iklima ta durƙusa a wurin ta ɗauki waƙar da ’yar siririyar muryarta, ba kiɗa ba komai. Ta fara da Allah Ya jiƙan Ramatu ta Jandutsi, ta ce uwa ba ta rasa bikin ɗiyarta ko daga ina za ta taso. Muryar ba ta yi nisa ba, sai mutanen suka matso gare ta: aka yi tsit, na baya suka miƙo wuya, wata tsohuwa ta karɓi amshi, sauran suka bi. Ana waƙa ana share hawaye da bakin zane. Murjanatu ce ta fara rangaɗa guɗa, da muryar kuka.

Gudiya ta zauna kamar an dasa ta. Ba ta taɓa koya wa yarinyar wannan ba, ba ma abin da ake koyarwa ba ne. Shekara da shekaru tana kwana tana tashi da tabbacin cewa in aka karɓe kayan aro Iklima tsirara za ta tsaya. Yau an karɓe, da hannunta ta karɓe, sai ga shi akwai wani abu a ƙasa, kuma abin na yarinyar ne na kanta. Kishin da ta taso da shi daga Jega ashe ɗan ƙarami ne.

Da aka lafa, aka zagaya da ruwa, Hajiya Ummusalma ta taso ta zo ta zauna a tabarmar manya, kafaɗa da kafaɗa da ita, kamar mai neman hutawa. Idonta ya yi ja. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, tana kallon gabanta.

“Ina Fagada ran nan. Ni na aje mata wurin.”

Gudiya ta ce Allah Ya jiƙan Ramatu.

“Amin. Na san muryar wa ta, Gudiya. Ban taɓa mancewa ba.”

Ga maganar da ta daɗe tana jira ta zo, amma a kunnenta ita kaɗai, da irin muryar da ake yi wa mutum ta’aziyya. Nan take wata dabara ta faɗo mata: ta ce da gangan ta bayar, kyauta ce ga marainiya, ta haɗa muryar da yabon duka ta kwashe. Har ta buɗe baki.

“Da anka kira ta,” Hajiya ta ci gaba, “kowa ya dubi ƙohwa. Har ni da na wanke ta da hannuna. Ina juyowa sai na yi ido da ke. Ke ɗai kinka ba ƙohwa baya. Bakin yarinyar ga ki ka kallo, kina murmushi.” Ta ɗan numfasa. “In kin ce taki ta, ni ko sai in hwaɗi abin da na gani. Ki auna.”

Ba ta tashi ba. Ta ɗauki goro a faranti ta fasa, ta miƙa wa Gudiya rabi, don masu kallo su ga aminai ne ke hira.

Sai ga Bushra, babbar ƙawar amarya, ta miƙe tsaye daga bakin ɗaki. Ta ce amarya na roƙon a sake sa mata wurin dariyar, don ba ta taɓa jin muryar innarta ba. Kuma tana tambaya wace ce ta kira ta ɗin, ta san wadda za ta gode wa. Aka dubi Iklima. Ta juyo ta dubi gwaggonta, ta ƙyale tambayar ta gangaro har tabarmar manya. Babu fushi a fuskarta, babu kuma murmushi, Gudiya ta kasa gane ko rufa mata asiri take ko miƙa mata wuƙa. Ko a wannan ma yarinyar ta fi ta iyawa.

Idanu suka taru a kanta. ’Yan tsofaffin da suka san amsar suka jira ta faɗa da bakinta, ganin haƙƙinta ne. Goron na hannunta. Kafaɗar Hajiya na jingine da tata, da ɗuminta.

“Wata zabiya ta, ta da,” in ji Gudiya, da muryar da ta rage mata. “Ba ku san ta ba. Ta daɗe da rasuwa.”

Tsofaffin suka dubi juna, suka dubi Hajiya, suka sunkuyar da kai. Bushra ta ce Allah sarki, Allah Ya jiƙanta, gidan ya amsa da amin. Iklima ta daɗe tana kallonta, sannan ta sunkuya tana jan waƙar baya da yatsa, tana neman dariyar. Mata suka fara matsowa kusa da sifika don su ji da kyau. Wata daga dangin ango ta taɓa kafaɗar Gudiya, ta ce Iya ta ɗan yi haƙuri ta gusa, tana tare wa na baya. Ta ja farantin shinkafarta ta gusa.